Kawu Mai Wasan Akushi

Ranar Talata da hantsi Allah ya karɓi ran Kawu, wan mahaifiyata, a ɗakinsa da ke ƙauyenmu kusa da Sinja, a bakin kogi. An gama yankan dawa, ba a soma sussuka ba. Daga Allah muka fito, wurinsa kuma kowa zai koma. Kafin azahar an kai shi makwancinsa.

Kwana uku rumfar makoki ba ta rabu da mutane ba. Ƙananan motocin haya suka riƙa sauke baƙi daga Rusairis, daga Hasahisa, daga Madani, wasu har daga Hartum. Yawancinsu ba danginmu ba ne. Maza ne da furfura ta soma taɓa gemunsu: malaman makaranta, ma'aikatan ban-ruwa, likitan dabbobi ɗaya, da wani mai shagon magani. Kowa ya iso sai ya ɗaga hannu a karanta Fatiha, kamar yadda ake yi a nan, sannan ya buɗe baki zai yi gaisuwar ta'aziyya. A nan ne abin yake. Sai ka ga mutum ya soma da Larabci, ya cije maganar a tsakiya, ya koma Hausa, ko da Hausar tana ɗingishi.

Wani ƙato mai tumbi, wanda yanzu yake aiki a madatsar ruwa ta Rusairis, shi ya faɗi abin da ke ran kowa. A zamaninmu shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon 'yan Damazin. Ya zauna ya share gumi ya ce, "Wallahi na buɗa baki in ce albaraka fikum, sai nij ji awa za a busa mani usur."

Aka kwashe da dariya a tsakiyar makoki, har da liman. Daga cikin gida muka ji kukan mata ya ɗan tsaya, suna tambayar me ya faru.

Sai mutumin ya juyo ya gan ni. Ya nuna ni da yatsa ya ce, "Af! Ga mai ƙwallon da ba ta ci ba."

Dariyar ta mutu nan take. Duk wanda ke rumfar nan ya san cewa saboda wannan ƙwallon na yi shekara bakwai ban taka zauren Kawu ba. Ba wanda ya san ko mun shirya kafin ya cika, kuma kunya ta hana su tambaya. Ni ma ban faɗa musu ba ranar. Yanzu ga shi zan faɗa, domin ba na so a manta da shi, kuma ba na so a tuna da shi rabi da rabi.

Kawu ba ɗan ƙwallo ba ne. Ban taɓa ganin ya buga ta ta tafi inda ya nufa ba. Yana saurayi ya tafi Hasahisa ya kama aiki a masaƙa, a can inji ya cinye masa yatsu biyu na hannun dama. Da ma'aikata suka kafa ƙungiyar ƙwallo, suka rasa wanda kowa zai yarda da shi, sai suka ba shi alƙalanci, don an san ba ya tsoron shugaban aiki kuma ba ya jin kunyar aboki. Shekara ashirin da wani abu ya yi a can. Da masaƙa ta durƙushe ya kwaso iyalinsa ya dawo gida ya kama fartanya. Abin da ya dawo da shi bai wuce akwati biyu ba, da tukunyar jabana, wato gahawarmu ta nan, da usur na ƙarfe wanda ya ɗaure da igiyar auduga.

Mutum ne gajere, mai saurin tafiya, mai ƙarancin magana. Idan ka kawo masa ƙara ba ya duban fuskarka, ƙafarka yake kallo, wai baki ya iya ƙarya amma ƙafa ba ta iya tsayawa wuri ɗaya idan mai ita ba shi da gaskiya. Gahawarsa shi yake soyawa, shi yake dakawa, da citta mai yawa, kuma ba ya yarda kowa ya zuba masa. Larabcinsa ya fi na kowa a ƙauyen, har takardun hukuma shi ake kai wa ya karanta. Na faɗi wannan ne don kada wani ya zaci ƙin Larabci ne ya sa ya yi abin da ya yi. Da shi yake salla, da shi ya ci abinci shekara ashirin.

Babban ɗansa a Hasahisa aka haife shi, a unguwar ma'aikata, cikin 'ya'yan Larabawa. Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" da "lafiya lau" ba. Yana jami'a a Hartum, a tsakiyar shekarun casa'in, ya zo hutu ya durƙusa gaban kakarmu, mahaifiyar Kawu, ya jero mata gaisuwa mai tsawo da Larabci, yana kiranta habboba, wato kaka. Tsohuwa ta saurara har ya gama, ta amsa da ladabi, sannan ta juya wajen Kawu ta ce, "Wanga baƙo ɗan wa na? A ba shi ruwa."

Idonta ya yi rauni a lokacin, ba da gangan ta yi ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana wurin. Ta ce Kawu bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya tashi ya tafi gona, bai dawo cin abincin rana ba.

Ba ɗansa kaɗai ba ne. Duk mu da muka tashi a ƙauyen ma, da zarar mun shiga makarantar kwana sai bakinmu ya juya. Hausa ta zama ta gaida tsofaffi da neman tuwo. Hira, gardama, soyayya, zagi, duk da Larabci muke yi. Dattawa suka yi ta wa'azi a masallaci, ba wanda ya ji. Kawu bai yi wa'azi ba. Ya duba ya ga abu ɗaya ne samari ba sa iya haƙura da shi, sai ya kama su ta nan.

A lokacin yaranmu masu karatu sun kasu biyu: masu zuwa jami'a a Madani, da masu zuwa jami'a a Damazin. Kowane ɓangare yana da ƙungiyar ƙwallonsa ta ɗaliban Hausawa, da na ƙauyenmu da na wasu ƙauyuka. Suna buga gasarsu a can cikin shekara. Kawu ya aika wa kowace ƙungiya cewa idan gasa ta ƙare, aka gama jarrabawa, aka cire amfanin gona, su zo su kara sau ɗaya a gonarsa, a ga wanda ya fi. Wasa ɗaya ne tak a shekara, ba ramuwa sai baɗi.

Gonar shi yake gyara ta. Yakan riga kowa yanke dawarsa, ya tumɓuke kututture ɗaya bayan ɗaya, ya bi da manjagara, ya ja layi da toka. Sandunan gora ne turakun gida, raga kuwa tsohuwar komar masunta ce, shi ya sa duk wanda ya tsaya gola yakan koma gida yana ƙarnin kifi. Ba kofi, ba lambar yabo. Akwai dai wani baƙin akushi da kakarsa ta ɗauko a ka tun daga ƙasar Sakkwato a zamanin hijira. Matar Kawu takan tuƙa tuwon dawa da miyar kuka ta cika shi. Waɗanda suka ci wasa su zauna su ci a akushi, waɗanda aka cinye su zuba musu ruwan wanke hannu, sannan su koma gefe su ci nasu a faranti. Tuwon ɗaya ne, miyar ɗaya ce, amma na ga ƙattin maza suna hawaye a kan faranti. Daga nan sunan ya fito, Wasan Akushi.

Doka ɗaya ya ƙara a kan dokokin ƙwallo na duniya. Daga busa ta farko zuwa ta ƙarshe, ba a magana a cikin fili sai da Hausa. Wanda ya yi Larabci an ba abokan hamayya bugu daga inda yake tsaye. Idan zagi ne, ya fita ya huta minti biyar.

Shekarar farko, in ji waɗanda suka gani, kamar kurame ke wasa. Ba wanda ya yarda ya buɗe baki. Samari ashirin da biyu suna ta nuni da hannu suna gurnani, mata a gefe suna riƙe ciki. Aka tashi ba ci. Kawu ya ce tunda ba wanda ya yi nasara, tsofaffi za su ci akushi, suka kuwa cinye a gaban 'yan wasa. Shekara ta biyu kowa ya zo da Hausarsa a shirye: turo, ba ni, bayanka, tare shi, sake ta, ɗirka. Na san wanda ya rubuta su a tafin hannu.

Da yake kunne biyu ba su isa fili guda ba, sai ya naɗa tsofaffin mata huɗu, biyu a kowane gefe, kowacce da maficinta. Ba su san satar gida ba, ba su san bugun kusurwa ba, wata ma ba ta san wane gida ne na wa ba. Amma ko raɗa ka yi da Larabci kusa da su, sai ka ga mafici a sama. Wata shekara aka yi gardama mai zafi, don wani ɗan Damazin ya ce "wallahi" aka ɗaga masa mafici. Ya ce ai rantsuwa ce. 'Yan Madani suka ce Larabci ne tsantsa. Kawu ya kira tsohuwar da ta ɗaga maficin ya tambaye ta ko ta tabbata ta ji. Ta ce, "Wallahi na ji." Fili ya ɗauki ihu. Kawu ya jira aka yi shiru ya yanke hukuncin da har yau ake maimaitawa a ƙauyenmu: "Duk abin da kakarka ka hwaɗi, Hausa ta."

Ya yi rigima da liman ma, a kan lokaci. Liman ya ce wasa yana sa samari su makara sallar magariba. Kawu bai musa ba. Ya rage kowane rabi zuwa minti talatin da biyar, ana idar da la'asar a fara, kuma ya sa liman ya zama mai riƙe agogo. Tun daga ranar liman bai sake fashin wasa ba, kuma kowa ya san 'yan Damazin yake so, ko da yake har yau yana musu.

Akwai wani ɗalibi daga wajen Hasahisa, uban Bahaushe ne ya rasu yana goye, uwar Balarabiya. Ƙafarsa ta hagu abin kallo ce, amma ko "zo" bai sani ba. 'Yan ƙungiyarsa suka ce a ajiye shi a benci, kada ya jawo musu bugu. Kawu ya ji. Ya aika aka kira shi mako uku kafin wasa, ya sauke shi a gidansa, kullum su tafi gona tare. Duk abin da suka taɓa sai Kawu ya faɗi sunansa, shi kuma ya maimaita. Ranar wasa kalma goma sha wani abu ya mallaka, ya kuwa yi ta kwarara su ko da dalili ko babu. Shi ma ya zo ta'aziyyar Kawu da 'ya'yansa biyu, ya tsaya gaban matar Kawu zai yi magana, kuka ya ci ƙarfinsa, ya fita.

Wanda aka kafa dokar dominsa kuwa, babban ɗan Kawu, bai taɓa sha'awar ƙwallo ba. Ya gama karatu ya zauna Hartum, ya yi aure a can. Kawu bai taɓa ambata wannan ba, mu ma ba mu taɓa ba.

Ni a Madani na yi karatu, ina buga gaba. Shekara uku a jere ina zuba wa 'yan Damazin ruwan wanke hannu. Shekarata ta ƙarshe muka zo da ƙungiya mai kyau, muka yi alkawari a mota cewa bana ko mu ko su. Abin da ya fi wannan nauyi a wurina shi ne Baba. Mahaifina bai taɓa kallon ƙwallo ba, yana ganin aikin banza ne. A shekarar ciwo ya riga ya kama shi, ba ya iya zuwa gona. Da safe ya kira ni ya ce a fitar masa da angare, gadon igiya, a ajiye ƙarƙashin bishiyar da ke gefen fili, yana so ya ga abin da ke cinye mini takalma.

Aka kai kusan ƙarshe ɗaya da ɗaya. Liman ya riga ya soma duban agogo yana duban rana. Ɗan wasanmu na gefen dama ya ƙwace ƙwallo ya sheƙa da ita, kansa a ƙasa. Ni kuma na zame wa mai tsarona, na tsinci kaina ni kaɗai a gaban gida, ba kowa sai wannan mai tumbin, lokacin yana siriri. Abokina bai gan ni ba. Ban san sanda bakina ya buɗe ba. Na ce, "Hina! Hina!" wato nan, nan.

Ya ɗago kai ya turo ta. Ban bari ta taɓa ƙasa ba, na ɗirka ta da hagu, ta wuce ta saman kafaɗar gola ta faɗa cikin koma. Ban taɓa buga irinta ba, ban kuma sake ba. Fili ya rikice, mata suna guɗa, abokaina suka danne ni. Na leƙa ta ƙarƙashin hannun wani na duba gefe: mafici huɗu, duk a kan cinya. Hayaniya ta yi yawa, ba tsohuwar da ta ji. 'Yan Damazin ma ba su ji ba, sun riga sun sunkuyar da kai. Na hango Baba ya tashi zaune a kan gado.

Kawu yana tsaye taku biyar daga inda na yi ihun. Usur yana bakinsa, bai busa ba. Ya daɗe haka, har na ɗauka ya wuce. Sannan ya busa, ya tako ya tsaya daidai inda na tsaya, ya nuna ƙasa da yatsunsa uku ya ce, "Larabci. Ba ta ci ba."

Daga wannan bugun 'yan Damazin suka kai ƙwallo gidanmu, mu kuwa jikinmu ya mutu, suka zura ta biyu. Liman ya ɗaga hannu, aka tashi.

Ban zuba wa kowa ruwa ba. Ni ne mutum na farko da ya taɓa ƙin yi. Na tafi na kama Baba muka nufi gida a hankali. Da muka kai ƙofa ya tsaya yana numfashi ya ce, "Ni dai na ga ta shiga." Da damina ta zagayo Allah ya yi masa rasuwa.

Washegarin wasan na tafi zauren Kawu. Na same shi yana dakan gahawa. Ban zauna ba. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, kuma da gangan na yi da Larabci, tun daga farko har ƙarshe. Na ce ba wanda ya ji sai shi. Na ce da ɗan wani ne da ya kau da kai, ni ya zaɓa don a ce ba ya son kai. Na ce mahaifina ba shi da wata shekarar. Na ƙare da maganar da har yau idan na tuna sai na ji kunya ta rufe ni: na ce ya je ya koya wa ɗansa Hausa tukuna kafin ya dami 'ya'yan mutane.

Taɓaryar ta tsaya. Ya ɗan jima yana kallon ƙafata. Sannan ya ci gaba da daka ya ce, "In ka ƙare, ka hwassara mani."

Na juya na fita. Fitar da na yi ke nan ta shekara bakwai.

Ba wai mun daina gaisawa ba ne, mu Musulmi ne. Idan na zo gida daga Madani, inda na samu aikin koyarwa, nakan yi masa sallama daga bakin hanya, ya amsa daga cikin zaure, in wuce. Ranar idi in miƙa masa hannu cikin jama'a ina duban wani wuri. Shi ya karɓa mini aure, don ba ni da uba, ya zauna a gaba ya yi duk abin da ake yi, ni kuwa na aika abokina ya yi masa godiya. Duk kaka sai buhun dawa da ƙullin kuka sun iso gidana a Madani, ba wasiƙa, ba saƙo. Muka ci. Ban taɓa mayarwa ba, ban kuma taɓa cewa na gode ba. Wasan Akushi kuwa ko hanyar filin ban sake bi ba.

Inna ce ta sha wahalar abin, tsakanin wanta da ɗanta. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ta ce, "Zumunta a ƙahwa take. Kai ka aje taka ƙahwa saboda tamola?" Na ce ba tamola ba ce, Baba ne. Ta ce, "Ubanka ya tahi bai riƙe kowa ba. Kai wa ya aike ka?" Duk da haka ban je ba. Ina da taurin kai, kuma a gidan su Inna na gado shi.

Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, tun a shekara ta uku na san shi ke da gaskiya. Na yi Larabci, ya ji, shi ne alƙali. Da ya kau da kai ranar, da dokar ta mutu a wurin, ko da ba wanda ya sani sai mu biyu. Na san haka. Amma idan na yarda, sai in ga kamar na ƙwace wa Baba abu ɗaya da ya taɓa gani na yi. Ga kuma maganar da na yi a kan ɗansa, wadda ban san da wace fuska zan koma bayanta ba. A cikin haka 'yata ta fari ta soma magana, muka kai ta gida, ta ruga ta rungume Inna tana cewa habboba. Inna ta dube ni ta saman kan yarinyar.

Bana, ana saura kwanaki a yi wasa, Kawu ya faɗi a gona yana tumɓuke kututture. Aka kai shi asibiti a Sinja. Ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Kwana biyu bayan haka babban ɗansa ya kira ni a waya. Ya ce uban ya farfaɗo, yana magana, amma Larabcin ya tafi gaba ɗaya. Likita ya ce hakan yana faruwa, wani lokaci harshen da mutum ya fara ji ne kaɗai ke saura. Ya ce, da Larabci, "Ina yi masa magana yana kallona. Yana yi mini magana ina kallonsa. Don Allah ka zo."

Na shiga mota da sassafe. Tun daga Madani har Sinja ina shirya abin da zan faɗa, da Hausa mai kyau, jimla bayan jimla. Zan fara da gaisuwa, in ambaci dawar shekara bakwai, in ambaci aurena, in janye maganar da na yi a zaure, sannan in nemi gafara. Na maimaita ya fi sau ashirin, har na kusa da ni ya soma kallona.

Na same su da hantsi. Inna tana zaune a gefen gado tana yi masa fifita, ɗansa yana tsaye jikin taga. Kawu ya ƙanƙance, bakinsa ya karkace, hannun nan mai yatsu uku yana kwance a kan zane ba ya motsi. Ya juyo da ido ya gan ni a ƙofa. Bai dubi fuskata ba, ƙafata ya duba.

Duk abin da na shirya ya watse. Na durƙusa na kama hannunsa, kuka ya taso mini, bakina ya buɗe da kansa. Abin da ya fito shi ne, "Afu lai, ya hali." Ka yafe mini, kawuna. Da Larabci.

Ya yi ta kallona. Ba fushi a idonsa, ba wasa kuma. Bai gane ba ne kawai. Ya juya da ƙyar wajen Inna ya ce, "Mi yac ce?"

Inna ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai ta fasa. Ta ajiye maficin a cinya ta ce mini, "Ba ni hwassara ma. Kana da baki."

Na haɗiye kukan. Na ce, "Kawu, ni na. Na yi maka laihi. Ka yahe mani."

Ya lumshe ido. Maganarsa tana fita a hankali, sai na kai kunne kusa. Ya ce, "Wanga tun cikin hili na yahe shi. Ka daɗe ba ka zo ka amsa ba." Ya huta. Ya ce in gyara masa matashi, na gyara. Ya ce ƙafata ta hagu tana nan ko ta lalace, na ce ta lalace, tumbi ya zo. Gefen bakinsa mai motsi ya ɗan ɗaga.

Sai ya matse yatsuna da hannunsa mai lafiya, ya buɗe ido sosai, irin buɗewar da muka sani a fili. Ya ce, "Ban taɓa ganin bugu irin wancan ba, ko a Hasahisa. Amma ba ta ci ba."

Inna ta rufe fuska da mayafi, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ɗansa ya matso yana tambayata me ya ce, me ya ce. Na ce ya dakata, zan faɗa masa duka, ina nan ba inda za ni. Na juya wajen Kawu, wanda yake jirana.

Na ce, "Ba ta ci ba, Kawu."

Kwana biyar bayan haka ya cika, bayan an mayar da shi gida, muna kewaye da shi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini tun ban roƙa ba, ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da iyayensa a gidan rahama. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.